Bin sawun 'yan barkwancin Afirkans: littafin aikina

Litinin, 27 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don kada aikin ya sulale mini kamar wanda na faro bara na bari a hanya. Abin da na ɗorawa kaina shi ne shirin sauti da Hausa, kashi biyar, kowane kashi minti ashirin, a kan yadda wasan barkwanci na harshen Afirkans, wanda ya samo asali daga Holanci, ya faro a dandamali, da yadda 'yan wasan suka riƙa bin garuruwan Afirka ta Kudu da kayansu a ƙulle. Saura mini wata huɗu a Cape Town, don haka babu lokacin yin nawa.

Tsarin da na zana a takarda ya fara ne daga 1925, lokacin da wani ɗan wasa daga Holan mai suna Paul de Groot ya tsayar da wasan Afirkans a matsayin sana'ar da ake ci da ita. Daga nan in bi ƙungiyoyin yawo har zuwa 1947. Shi ke nan, a tunanina.

Da na faɗa wa yayata a waya sai ta ce, "Kai kuwa duk abin da ke duniya, me ya kai ka wasan mutanen da suka yi wa baƙar fata wariya?" Na yi 'yan kame-kame, ta ce in dai kammala in turo mata, ita ce mai sauraro ta farko. Amsar da na ba ta ba ta gamsar da ni ba, balle ita.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kwana biyar kacal, tsarin ya rushe. 1925 ba mafari ba ne, tsakiyar labari ne.

Da safe na taka zuwa dandalin Riebeeck, a bakin titin Bree, inda cocin St Stephen yake. Ginin nan ba don ibada aka yi shi ba. Gidan wasa ne, African Theatre, wanda gwamna George Yonge ya sa aka gina a wajen 1800. Hafsoshin Ingila da 'yan garin masu jin Holanci da Faransanci da Jamusanci sun yi wasanni a ciki kusan shekara arba'in. A ƙarshen shekarun 1830 aka sayar da shi, ya koma makaranta da majami'ar bayin da aka 'yanta. Na daɗe tsaye ina kallon matattakalar ginin. Waɗanda a da aikinsu ɗauko iyayen gida zuwa kallo, su ne suka gaji kujerun.

Daga can na wuce ɗakin karatu, na shafe yini a kan mutum biyu.

Na farko Charles Etienne Boniface, haifaffen Faris, mai kaifin alƙalami da saurin fushi, wanda ya zama editan farko na jaridar *De Zuid-Afrikaan* a 1830. A 1832 ya buga wasan *De Nieuwe Ridderorde of De Temperantisten*, habaici ne ga ƙungiyar masu yaƙi da shan giya, musamman ga John Philip na mishan ɗin Landan, mutumin da ya tsaya kai da fata a kan 'yancin mutanen Khoikhoi, 'yan asalin yankin Cape. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Abin da ya tsayar da ni a wasan shi ne rabon harshe. Manyan mutane suna magana da Holanci na littafi. Mutanen Khoikhoi kuwa, waɗanda aka nuna a matsayin mashaya, su aka sa wa harshen titi a baki, wato abin da daga baya ya zama Afirkans.

Na biyu Andrew Geddes Bain, ɗan Sikotilan, gwanin fasa hanya a cikin duwatsu. Mashigin Bainskloof da aka buɗe a 1853 aikinsa ne, har yau motoci na bi. Shi ne ya rubuta *Kaatje Kekkelbek*, gajeren wasa mai waƙa da aka nuna a Grahamstown a 1838. Kaatje mace ce 'yar Khoikhoi da ta fito daga Kogin Kat, matsugunin da aka kafa wa mutanenta a 1829. Laƙabinta na nufin mai baki kamar kaza ta yi ƙwai. Tana haɗa Ingilishi da harshen Cape, tana alfahari da sata da sha da shiga gidan yari, tana yi wa makarantar mishan ba'a. Manufar a fili take: a nuna wa 'yan kallo farare cewa 'yancin da aka ba irin su Kaatje ɓarna ce. Kuma a lura da shekarar. A 1838 ne wa'adin aikin dole na tsofaffin bayi ya cika, bayan soke bauta a 1834.

Ashe harshen nan ta ƙofar baya ya shiga dandamali, a bakin baiwa da bara, don a yi dariya. Kashi biyar sun zama shida. Na kuma samu abin da zan faɗa wa yaya.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na koma dandalin Riebeeck don ɗaukar muryata a gaban ginin. Iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa a garin nan da rani ta cinye komai, ba a jin ko kalma ɗaya sai fuuu. Na sa safa a bakin makirfo, bai hana ba. Zan ɗauka a ɗaki, cikin bargo, in ɗora ƙarar titi daga baya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Paarl, tafiyar kusan kilomita 60. Zafi kamar a tanda. Na ga gidan Gideon Malherbe, inda a ranar 14 ga Agusta, 1875 wasu mutum takwas suka kafa *Genootskap van Regte Afrikaners*, ƙungiyar da ta sa wa kanta aikin mayar da Afirkans harshen rubutu. Jagoransu limamin coci ne, S.J. du Toit. A shekara mai zuwa suka fara jaridar *Die Afrikaanse Patriot*. Shi du Toit ɗin ne ya rubuta *Magrita Prinslo*, labarin soyayya a zamanin Babbar Ƙaurar Boer, wato fararen manoma jikokin mutanen Holan, ta shekarun 1830, aka buga shi a 1896, aka nuna shi a Paarl a farkon 1897. Ana ƙirga shi a matsayin cikakken wasan Afirkans na farko da aka buga.

Abin da zan ja hankalin mai sauraro a kai shi ne juyin da aka samu cikin shekara sittin. A wurin Boniface da Bain, mai jin wannan harshe shi ne abin dariya. A wurin du Toit, jaruma da jarumi ne ke magana da shi, kuma farare ne. Harshen bai canja ba sosai. Masu riƙe da shi a dandamali ne suka canja.

Wani abu da ba ya cikin tsarina amma ba zan iya barinsa ba. Kafin mutanen Paarl su gama shawarar yadda za su rubuta harshen da baƙaƙen boko, malaman Musulmin Cape sun riga sun rubuta shi da ajami. Abubakar Effendi, malamin da Daular Usmaniyya ta turo Cape, ya rubuta *Bayanud Din* da Larabci da fassarar Afirkans cikin baƙaƙen Larabci, aka buga a Santambul a 1877. Na ga hoton shafi ɗaya, na zauna ina haɗa baƙi kamar ɗan makarantar allo, sai ga kalmomin da nake ji a shagon unguwarmu suna fitowa. Duk Bahaushen da ya taɓa karanta waƙar wa'azi da ajami zai gane abin da na ji. Minti biyu zan ba shi a kashi na biyu, ba ƙari, don ba wasan kwaikwayo ba ne.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Makon Melt Brink. An haife shi a 1842, ya rasu a 1925, kuma kusan duk rayuwarsa a Cape Town ya yi. Shi ne ginshiƙin ƙungiyar wasa ta Aurora, wadda aka kafa a 1866, ya kuma rubuta gajerun wasannin barkwanci masu yawa, cikin harshen da ke rawa tsakanin Holanci da Afirkans. Sunayen kaɗai sun isa su nuna irin kayan: akwai na wurin likitan haƙori, akwai na lofen kaka, akwai na caca tsakanin abokai.

Wata ɗaliba 'yar ajinmu da Afirkans ne harshen gidansu ta karanta mini biyu da ƙarfi. In faɗi gaskiya, ba su da zurfi. Tsoho mai taurin kai, budurwa mai wayo, saurayi mai rawar jiki, rashin fahimta, sai a sasanta kafin a sauke labule. Ita kanta mai karatun ta yi hamma sau biyu. Amma da na tambayi kaina wa aka rubuta wa, sai raini ya ragu. An rubuta su ne don mutanen da ba su da gidan wasa, ba su da kuɗin kaya, ba su taɓa ganin ƙwararren ɗan wasa ba. Tebur ɗaya, kujera uku, mutum biyar, zanen gado a matsayin labule. Malamin makaranta da magatakardan banki da 'yar mai shago za su iya haddace shi cikin mako biyu.

Nan ne ƙungiyoyin muhawara suka shigo. Kusan kowane ƙaramin gari yana da tasa, da ƙungiyar matasa ta coci. Ana taruwa da dare, a yi muhawara, a rera waƙa, a karanta baiti, sai a rufe da ɗan wasa mai ban dariya. Cocin Dutch Reformed ba ta son gidan wasa, tana ganinsa ƙofar shagala, amma wasan da ɗan liman ke ciki kuma kuɗin ƙofa na asusun marayu ne, wa zai hana?

Bayan yaƙin Boer da Ingila na 1899 zuwa 1902 abin ya ɗauki wani zafi. Gwamnatin Milner, wakilin Ingila a ƙasar, ta matsa a mayar da makarantu na Ingilishi, sai riƙe harshe ya zama hanyar ɗaga kai ga mutanen da aka ci da yaƙi. A Pretoria, ɗan jarida Gustav Preller da abokansa suka kafa ƙungiyar wasa ta Afirkans da Holanci a 1907. Abin da ya ba ni dariya ni kaɗai a ɗakin karatu shi ne wasan da ya fi jawo musu jama'a. *Piet s'n Tante*, wato Gwaggon Piet, fassarar da Preller ya yi wa *Charley's Aunt*, barkwancin Ingila na 1892 inda saurayi ke shigar tsohuwa. Masu kishin harshe da ke yaƙar mamayar Ingilishi, da barkwancin Ingila suka cika zaure.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama. Na gwada ɗaukar murya da rana, maƙogwaro ya bushe, sautin *g* na Afirkans da ake karto shi daga maƙoshi ya gagara. Daga yanzu karatu da rana, ɗauka bayan tarawihi. Kashi na ɗaya ya kammala a rubuce, minti 24, dole in yanke huɗu.

Lahadi, 16 ga Maris

Jiya daren sha biyar ga azumi, mai gidan da nake haya ya kira ni shan *boeber*, wani kunun madara da taliya siririya da kayan ƙamshi da Musulmin Cape ke yi a wannan dare. Dattijo ne, kowa a unguwa Boeta yake ce masa, wato yaya. Azumi a bakinsu *pwasa* ne, sallah kuma *labarang*, kalmomin da kakanninsu suka zo da su daga tsibiran Indonesiya.

Ya tambaye ni inda aikin ya kai, na zayyana masa Brink da Preller. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk waɗannan a cikin zaure suka yi nasu. Mu da ba a bari mu shiga zauren ba, ka ɗauka ba ma dariya ne?" Na ce, "Boeta, ai shi ya sa na zo wurinka." Ya yi murmushi irin na wanda ya san ƙarya nake, kunu ya kawo ni.

Sai ya ba ni labarin *moppie*, waƙoƙin ba'a da ƙungiyoyin Klopse, masu zagaya titi da kiɗa da rawa, da mawaƙan Malay na Cape ke rerawa da gangar *ghoema*. Mai ba da waƙa yana kwaikwayon wanda ake yi da shi, da fuska da kafaɗa da tafiya, 'yan amshi na bi. Ana yi da maƙwabci mai rowa, da matar da ta fiye gulma, ana kuma yi da masu mulki ta hanyar da ba za su kama ka ba. Bikin nasu na Sabuwar Shekara ta Biyu yana da tushe tun zamanin bauta, ya ɗauki kwalliya daga mawaƙan Amurka masu shafa baƙi a fuska da suka ziyarci Cape a 1862, sannan a 1907 aka fara gasa a filin Green Point. Ya rera mini baiti biyu, jikokinsa na dariya tun kafin ya kai ƙarshe.

Ina komawa ɗaki na tuna yau a gida yara na can suna tashe, wani ya cusa tsumma a riga ya zama mai tumbi. Ba zan ce abu ɗaya ba ne, kuma ba zan cusa kwatancen a shirin da ƙarfi ba. Jimla ɗaya ta isa mai sauraro ya gane irin wasan.

Matsalar ita ce littattafan tarihin da nake dogaro da su, na F.C.L. Bosman da na L.W.B. Binge, a kan dandamali da zaure suka tsaya. Manyan ayyuka ne, ba don su ba da ban san inda zan sa ƙafa ba. Amma in na bi su kaɗai, zan ba da tarihin barkwancin Afirkans ba tare da rabin masu barkwancin ba. Boeta ya yarda in ɗauki muryarsa bayan sallah, da sharaɗin kada in faɗi sunansa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Oudtshoorn, sama da kilomita 400 daga Cape Town. Motar haya ta lalace mana a hanya, muka yi awa uku a gefen titi babu inuwa sai jiminai suna leƙenmu ta bayan waya. Garin nan da gashin jimina ya yi arziki, kasuwar ta karye a 1914, manyan gidajen attajiran lokacin suna nan tsaye.

Na zo ne don C.J. Langenhoven, lauya kuma ɗan jarida, wanda ya rayu daga 1873 zuwa 1932. Gidansa, Arbeidsgenot, yanzu gidan tarihi ne, ƙarami ne ƙwarai idan aka gwada da sunan mai shi. An fi saninsa da rubuta baitocin *Die Stem*, tsohon taken ƙasar, a 1918, da kuma ƙudurin da ya gabatar a majalisar lardin Cape a 1914 wanda ya shigar da Afirkans makarantun firamare. Amma kafin wannan duka, ɗan barkwanci ne. Wasanninsa na farko, irin su *Die Water Zaak* da *Die Familie Zaak*, barkwanci ne, ɗaya a kan rigimar ruwa, ɗaya a kan dangi. Wanda ya ga ƙasar nan zai gane dalili. Busasshiya ce, gona ba ta rayuwa sai da rabon ruwan kwari, kuma maƙwabta na kai juna kotu a kan wanda ya buɗe madatsa kafin lokacinsa. Lauya ne, ya ga irin wannan rigima har ya gaji, sai ya mayar da ita wasa.

A ganina shi ya fi Brink nesa ba kusa ba. Brink yana ba ka dariya da faɗuwa daga kujera. Langenhoven da magana yake yi, yana murɗa kalma har ta ciji mai ita. Wannan kuma shi ne abin da ya fi wuyar kawowa cikin Hausa. Na gwada layi uku, duka suka mutu a hannuna. Zan bayyana yadda wasan yake tafiya kawai, ba zan fassara ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na iso Bloemfontein jiya, bayan tafiyar kusan kilomita 1,000 ta Beaufort West da Colesberg. Da gangan na zaɓi hanyar ƙasa da rana. Ina so in ga abin da 'yan wasan suka gani, kuma gani ya kori ji. Fili ne shimfiɗe, duwatsu masu kai kamar an yanke da wuƙa, famfon iska nan da can, sai ka yi awa guda kafin ka hango hasumiyar coci. Kowane gari fasalinsa ɗaya: coci a tsakiya, zauren gari, otal, tashar jirgin ƙasa a gefe, unguwar baƙaƙe can nesa bayan layin dogo.

Yau na yini a gidan adana adabin Afirkans na garin, cikin hotuna da takardun talla. Ga yadda kashi na huɗu zai tafi.

De Groot ya sauka a ƙasar a 1924. A watan Mayun 1925 ya nuna wasa biyu a Opera House na Cape Town: *Lenie* na H.A. Fagan da *Die Heks* na likita kuma mawaƙi C. Louis Leipoldt, labarin shari'ar maita inda babban limamin da ke hukunci ya gano cewa waɗanda ake tuhuma tsohuwar masoyiyarsa ce da 'yarsa. A daidai wannan lokaci wasu ma'aurata, Hendrik da Mathilde Hanekom, sun bar zaman gida sun shiga hanya da wasannin da Hendrik ya rubuta da kansa. Ɗaya daga ciki sunansa ya fi komai daɗi a Hausa: *'Ya'yan Kawu Gawerjal da zazzaɓin ƙuri'a*, ba'a ce ga matan da ke neman a ba su damar zaɓe. Mata farare sun samu ƙuri'ar a 1930, zazzaɓin dai bai kashe kowa ba.

A 1926 ɓangarorin biyu suka haɗu a ƙungiya ɗaya. De Groot ya kawo horo irin na Turai, Hanekom ya kawo sanin mutanen karkara. Cikin matasan da suka shiga akwai Wena Naudé, da wani yaro ɗan garin nan mai kusan shekara ashirin, Gerhardus Petrus Borstlap, wanda ya ɗauki sunan wasa André Huguenet. Haɗin bai daɗe ba aka rabu, kuma daga wannan rabuwa ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, kowane ɗan wasa da ya ji ya ƙware sai ya ja nasa ayarin.

Yadda aikin yake shi ne abin da nake so mai sauraro ya ji a jikinsa. Manyan gidajen wasa na birane suna hannun kamfanin I.W. Schlesinger tun 1913, kuma wasan Ingilishi da majigi suka fi kawo masa kuɗi. Don haka kasuwar 'yan Afirkans ƙauye ce. Mutum ɗaya yana yin gaba ya kama zaure, ya manna takardu, ya gaida liman da shugaban makaranta, domin in waɗannan biyu suka ɗaure fuska ba mai zuwa. Ayari na biye, da farko a jirgin ƙasa, daga baya a mota da babbar mota a kan hanyar da ba kwalta. A iso da rana, a sauke kaya, jarumin wasa da kansa ke ɗaura labule da buga ƙusa, jaruma na guga. A yi wasa da dare, a kwance komai, a kwana a otal ko gidan wani manomi, da asuba a kama hanya. Gari ɗaya dare ɗaya, wata da watanni.

Sannan ga lokacin da suka zaɓa, ko ya zaɓe su. Karyewar tattalin arzikin duniya daga 1929, fari mai tsanani a 1932 da 1933. Rahoton hukumar Carnegie na 1932 ya ƙiyasta fararen matalauta kusan 300,000, galibinsu masu jin Afirkans. Waɗannan ne 'yan kallo, ko danginsu. Shi ya sa Ampie, yaron talaka na littafin Jochem van Bruggen, ya zama rawar da ta ɗaga Huguenet. Mutane na dariyar wautar Ampie da jakinsa, alhali kowa a zauren ya san wani Ampie a gidansu. Na lura dariyar ta juyo. A 1838 da bare ake yi. A 1930 da ɗan gida ake yi, shi ya sa take haɗe da tausayi, abin da Kaatje ba ta taɓa samu ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na dawo. Yau a kan sunayen wasanni na zauna, don nan wayon kasuwar yake. Yawancin abin da ƙungiyoyin suka yawata da shi fassara ce daga Turai, amma sai an sauya suna. *Heimat* na Sudermann ya zama *Huis Toe*, wato a koma gida. *Scampolo* na Italiya ya zama *Oorskotjie*, 'yar ragowa. Wanda ya fi burge ni shi ne wasan Ibsen na matar da ta bar mijinta, wanda duniya ta sani da Gidan 'Yartsana. De Groot ya kira shi *Geleende Geld*, kuɗin aro. Manomin da banki ke bi bashi ba ruwansa da 'yartsana, amma ya ji an ce kuɗin aro, zai ɗaura doki.

Da yamma na kira malamina na jami'a a gida, na karanta masa rubutun kashi na huɗu. Ya ce, "Ka cika shi da sunaye. Mai sauraro yana tuƙi ne ko yana girki, ba zai riƙe Bature goma ba." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, kowannensu fa yana da muhimmanci." Ya ce, "A wurinka." Na cire huɗu. Na bar de Groot, da Hanekom da matarsa, da Huguenet.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau shekara ɗari cif da majalisa ta amince da Afirkans a matsayin harshen hukuma. Ban je ko'ina ba, na zauna na rubuta kashi na shida.

Abubuwan da suka kawo ƙarshen zamanin yawo a jere suke. Majigi mai magana ya iso: a 1931 aka yi *Moedertjie*, daga wasan J.F.W. Grosskopf da ke faruwa a ɗakin jiran jirgin ƙasa. Rediyo ya shiga gidaje. Yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancin mai da taya. Mutanen karkara kansu suna ta ƙaura zuwa birni. Hanekom ya samu rawar rayuwarsa a matsayin Paul Kruger, tsohon shugaban Boer, a wasan *Oom Paul*, Huguenet kuma ya kai ga burinsa a 1947 da ya yi Hamlet da Afirkans a gidan wasa na His Majesty's a Johannesburg. A wannan shekarar aka kafa hukumar wasan kwaikwayo ta ƙasa da kuɗin gwamnati, a shekara ta gaba jam'iyyar National ta hau mulki da manufar wariya.

Na so in tsaya a nan, amma tambayar yaya ba ta bari. Na ƙara sakin layi biyu. Ɗaya a kan Adam Small, wanda a 1965 ya buga *Kanna hy kô hystoe* da karin harshen Kaaps, harshen su Boeta, ba don a yi dariya da masu shi ba. Ɗaya kuma a kan abin da ƙidayar jama'a ke nunawa, cewa mafi yawan masu magana da Afirkans a gida ba farare ba ne. Zanga-zangar ɗaliban Soweto ta 1976 kan tilasta koyarwa da Afirkans kowa ya san ta, jimla ɗaya na ba ta.

Litinin, 19 ga Mayu

An ɗauki kashi ɗaya zuwa huɗu, an tace. Na biyar shi ne na Boeta, muryarsa ta fito tas, sai dai agogon bangonsa ya buga sau goma sha ɗaya a tsakiyar waƙa. Na yi niyyar yankewa, na fasa.

Na tura wa yaya kashi na ɗaya ranar Juma'a. Saƙonta ya shigo ɗazu: Kaatje ta ba ta haushi kuma ta ba ta tausayi, sunan Boniface na faɗe shi iri biyu, kuma ina sauri kamar ana kora ta. Na saurara, gaskiyarta ne a kan saurin. Zan sake ɗaukar minti shida na farko gobe da dare in maƙwabta sun kashe talabijin.

Saura kashi na shida, da neman izinin amfani da sautin gangar *ghoema* a buɗe shiri, da mayar da littafin Binge kafin ranar 23. Jirgina 30 ga wata.